Minti Goma a Bayan Ƙyaure

Kwana uku ke nan famfon gidanmu bai ce uffan ba. Da safe na murɗa shi, ya yi tari sau biyu kamar tsoho, ya yi shiru. Da na leƙa waje sai na ga layin bido, jarkokin ɗibar ruwa, ya miƙe daga pompin unguwa har ya wuce shagon mai gyaran moto. Ƙarfe tara ba ta yi ba, amma kwanon rufi ya fara ƙara don zafi, ungulaye sun jeru a kan katangar mahauta baki buɗe. Ina tsaye a bakin ƙofa sai ƙuguna ya ɗaure. Jikina ya riga zuciyata tunawa.

Shekara tara ke nan da wancan azumin da ya faɗo a wutsiyar bazara. A lokacin muna haya can ƙasan Zongo, gida mai ƙofa uku da tsakar gida ɗaya, babu famfo, babu inuwa sai ta wata dalbejiya da awaki suka cinye mata gindi. Mu ne a ƙofar farko: ni, da Inna mahaifiyar maigidana, da yara huɗu. Hadiza tana da shekara takwas, Musa biyar, Nafisa biyu, Abdu kuwa watansa huɗu a duniya. Maigidana Lawali direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Mai motar ya sayar da ita, shi kuma ya sauka Lome neman wata. Ya ce mako uku zai yi. Azumi ya kama yana cikin wata na huɗu, in ya kira a waya sai ya yi ta tambayar lafiyar yara don kada in tambaye shi aiki.

Abin da ya riƙe gidan shi ne kaskona. Ina tuya ƙosai da dama kunun tsamiya a bakin layi, masu azumi su saya su yi buɗa-baki. Shekarar wake ya yi tsada, gero ya yi tsada, icce ma sai an sha tafiya. Abin da muke samu na daren ne da sahur, da ɗan abin da za a lallashi yara da rana. Inna ta ce mai shayarwa ba dole ba ne ta yi azumi, limamin unguwa ma haka ya faɗa. Na ce zan yi. Ba tsoron Allah kaɗai ba ne, in faɗi gaskiya. Azumi ya rufa mana asiri. In kowa bai ɗora tukunyar rana ba, ba a sanin wadda ba ta da abin ɗorawa.

Ga yadda yini yake tafiya. Daga sallar asuba sai pompi. Akan saki ruwa ne in an ga dama, wani lokaci siriri kamar fitsarin jariri, mu kuma mata mun fi hamsin a kansa, Hausa da More da Faransanci duk suna tashi a bakin faɗa. In na samu bido huɗu na gode Allah. Biyu na sana'a, ɗaya na sha, ɗaya na wanka da alwala da wankin tsumman Abdu. Ruwan da aka wanke wake da shi ba a zubarwa, shi ake wanke kwanoni, sannan a yayyafa a ɗaki don ƙasa ta yi sanyi. Daga nan in shirya Hadiza ta tafi lakwal, wato makaranta, in jiƙa wake, in surfa gero. Hantsi in ɗauki bokiti zuwa injin markaɗe, in zauna jiran kuran, don wutar lantarki ma zuwa take ta koma kamar baƙuwa mai fushi. Azahar tana yi gari ya mutu. Iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take fitowa. Yara duk sun yi ƙurajen zafi a wuya da goshi, Abdu ya kama nono ya ja, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Da la'asar in dama kunu. Rana na yin ja in fita da kasko. Kullum da yamma hadari sai ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu yi ta kallonsa, ya yi walƙiya sau biyu ya watse.

Duk wannan da sauƙi in da jiki yana tare da ni. Tun haihuwar Abdu ƙuguna ya ƙi komawa daidai. Ciwon yakan tashi daga tsakiyar baya ya bi ƙafar hagu har dunduniya, kamar an zura mini tsinken tsire mai zafi. In na duƙa ɗaukar bido sai in tsaya a duƙe, in jira ya sake ni. Salla ta koma a zaune, ina da shekara talatin da ɗaya, ga Inna mai saba'in tana ruku'u a gefena. Na je dispanser, likita ya ba ni ƙwaya ya ce, "Madam, ki huta, kada ki ɗauki abu mai nauyi." Na yi dariya har ya ɗago kai ya dube ni. Ƙwayar ta ƙare a mako ɗaya.

Ƙofa ta biyu ta Awa ce, 'yar Mosi da ta auri wani tela Bahaushe, Hausarta rabi da rabi. Aikinta shara da goge-goge a wani ɗakin motsa jiki a Wemtenga, inda matan ma'aikata suke zuwa da 'yan tabarmin roba a naɗe. Rana ta biyar ga azumi ta same ni a duƙe a kan bokitin ƙullu, na kasa miƙewa, hawaye na ɗiga a ciki.

"Maman Hadiza, kada ki ja da ƙarfi," in ji ta. "Sauka ƙasa. Gwiwa biyu, hannu biyu."

"Awa, ki bar ni da wasa."

"Wallahi ba wasa ba ne. Sauka, bilfu-bilfu."

Wato sannu-sannu, a yarensu. Ba ni da ƙarfin gardama, na sauka. Ta dafa tsakiyar bayana ta ce in turo shi sama kamar mage ta ga kare, in saki numfashi. Sannan in sauke ciki, in ɗaga kai, in ja numfashi. Muka yi haka kamar sau goma. Ba zan ce ciwon ya tafi ba. Amma wani abu da ya yi wata huɗu a dunƙule ya ɗan buɗe hannu, na miƙe ba tare da na kama bango ba.

"Wannan mene ne?"

"Yoga suke ce masa. Shekara biyu ina goge madubi ina kallonsu. Su sun biya, ni na koya da tsumma a hannu."

Ta nuna mini motsi guda huɗu, kowanne da sunan da ta raɗa masa. Akwai mage. Akwai jariri, inda za ki zauna a kan dunduniya ki kifa, hannu a miƙe gaba. Akwai gada, ki kwanta rigingine ki ɗaga ƙugu. Na ƙarshen ki kwanta kawai ki saki jiki, ta ce malamar tana kiransa da sunan gawa, amma ita ba za ta kira wannan suna a gidan da ake da yara ba, sai ta ce masa kwanciyar gajiyayyu.

"Minti goma kullum. Amma ki rufe ƙofa, in ba haka ba yara za su hau ki kamar jaki."

Minti goma. Wanda bai taɓa zama uwa ba zai ce mene ne minti goma. Na gwada bayan asuba, layin pompi ya wuce ni, ranar bido biyu na samu. Na gwada da hantsi, Musa da Nafisa suka hau bayana suna "miyau, miyau," Abdu ya tsala ihu. Na gwada da azahar, siminti ya ƙone mini tafin hannu, kaina ya juya don yunwa. A ƙarshe na gano wata 'yar kafa. Bayan la'asar, in na sauke kunu na rufe shi ya huce, kafin in fita da kasko, yara sukan yi barcin wahala a tabarmar Inna ƙarƙashin dalbejiya. Nan ne nake lallaɓawa ɗaki, in tura ƙyaure, in shimfiɗa buhun shinkafa da na farke, in sa ƙararrawa a waya.

Inna ba ta so. Ranar da ta fara leƙowa ta tarar da ni a kife, ta yi salati da ƙarfi.

"Zalika, wa kike yi wa sujada?"

"Inna, ba sujada ba ce. Ki duba, ban kalli gabas ba, ban yi niyya ba, ban kira sunan kowa ba. Miƙa ce ta ciwon baya."

"Mu da muka haifi goma, ruwan zafi da kunun kanwa suka ɗaure mana baya. Ba mu yi birgima a ƙasa cikin wata mai alfarma ba."

Daga ranar na riƙa dunƙule hannu in ɗora goshi a kai, don kada ya taɓa ƙasa. Amma ban daina ba. Kuma akwai abin da ban gaya wa Awa ba, balle Inna. Ba don bayan kaɗai nake shiga ba. A yini guda, tun daga sahur har in kwanta, wannan ne kawai lokacin da babu hannun kowa a jikina, babu bakin da ke kiran Mama. Sau da yawa mage kaɗai nake yi, in kifa a jariri in yi ta kuka a cikin buhu, ba sauti, har waya ta yi ƙara. Sannan in share fuska in ɗauki kasko.

Rana ta goma sha huɗu ita ce mafi zafi a duk watan. Tun safe ko ganye bai motsa ba. Kuran bai dawo ba sai bayan azahar, na dawo daga inji a makare, harshena kamar busasshiyar fata. Na dama kunu a gurguje. Maimakon in kai bokitin lungun da na saba, tsakanin turmi da bango, sai na bar shi kusa da murhu, don ƙuguna ya ce ba zai ƙara taku uku da shi ba. Na ɗora faifai a kai. Na dubi tabarma, yara na barci, Inna na zaune da tasbaha. Na shiga na tura ƙyaure.

Ina cikin gada na ji ƙarar bokiti. Sannan shiru, ɗan gajeren shiru, irin wanda yaro yake yi in yana tara numfashi. Har yau wannan shirun ya fi ihun da ya biyo baya tsaya mini a kunne.

Nafisa ce ta farka da ƙishi. Ta saba ganin muna ɗibar ruwa a bokiti mai faifai. Ta kama bakinsa ta jawo. Kunun ya sauko mata daga kafaɗar dama, ya bi ƙirji har cibiya, ya manne, don kunu ba ya gangarewa kamar ruwa. Na fito na same ta a tsaye, hannu a buɗe, tururi na tashi daga rigarta.

Gidan ya rikice. Inna tana cewa a kawo manja. Wata maƙwabciya ta faɗo tana cewa ƙwai, a fasa ƙwai. Ni kuwa na tsaya kamar gunki. Awa ce ta ture kowa, ta ɗauko bidonta ta fara tsiyaya wa yarinyar ruwa a hankali, tana ihu, "Ruwa! Ku kawo ruwa, duka!" Na kawo bidonmu na ruwan sha. Rabi, matar ƙofa ta uku, 'yar Ƙonni da mijinta ke sayar da takalma, ta jawo nata biyu. Ruwan da muka yi faɗa a kansa tun asuba, wanda mutum goma sha uku za su buɗe baki da shi, muka tsaya muna kallo ƙasa tana shanye shi. Da ya ƙare Awa ta tayar da moto, na hau baya da yarinyar a naɗe cikin zane mai tsabta.

A dispanser aka yanke rigar da almakashi. Fatar ta biyo ta a wasu wurare. Ma'aikaciyar ta ce ruwan da aka zuba ya taimaka ƙwarai, sannan ta tambaye ni, ba da faɗa ba, "Ke ina kike?" Na ce ina ɗaki. An kira magariba muna can. Wani mai jinya ya miƙo mini ledar ruwa, na riƙe ta a hannu har ta yi ɗumi, na kasa sha.

Da muka dawo Inna ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini. Ta dubi bandejin, ta dube ni, ta ce, "Kina ɗaki kina birgima." Shi ke nan. Na ɗauki buhun na cusa a murhu.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ƙarshen wahalar da na sani a rayuwata. Kowace safiya sai an kai Nafisa wankin ciwo. Awa tana fita aiki tun da duku-duku, ba ni da halin taksi, sai ƙafa. Goyo ba ya yiwuwa don ƙunar a ƙirji take, dole in ɗauke ta a hannu biyu, a ɗan nesa da jikina, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Rabi ta karɓar mini layin pompi. Sana'a kuwa ba ta tsaya ba, don in ta tsaya babu maganin da za a saya, babu sahur. Nafisa ba ta barci sai a zaune a cinyata. Nonona ya ja baya, Abdu ya fara rama, na karya azumin a ɓoye kwana biyu da gayan tuwo da ruwa, ban ga wani bambanci ba. Lawali ya kira, na ce masa ta ɗan ƙone. Na ji ƙarar motoci a bayansa, ya ce, "Zan yi ƙoƙari." Na san ba shi da abin ƙoƙarin.

Bayana kuwa ya rama duk abin da ya yafe mini. Awa ta ce in koma miƙar ko sau biyar ne. Na ce mata kada ta sake yi mini maganar. Akwai wata azahar da nake zaune a bakin murhu, Nafisa na kuka, Abdu na kuka, Musa na ja mini zane yana cewa yunwa, sai na kama kaina ina kallon ƙofar gida ina tunanin in na fita na yi ta tafiya yamma, ban waiwaya ba, nisan ina zan kai kafin in faɗi. Ban ji tsoron tunanin ba. Rashin tsoron ne ya tsorata ni daga baya.

Rana ta shida da ƙunar, muna dawowa daga dispanser wajen sha ɗaya da rabi, na zo tsallake wata kwata. Na ɗaga ƙafar hagu, sai bayan ya kulle. Ba irin na kullum ba. Numfashina ya ɗauke, idona ya yi duhu, na ji hannuna na saki. Ban san yadda na yi na kai jikin wata katanga ba. Na zame mayafina da haƙori na yar a 'yar inuwar da ke wurin, na zaunar da yarinyar a kai. Ni kuma na tsaya a karkace, ba gaba ba baya. Gida da saura tafiya mai nisa. Inuwar ba ta fi faɗin faranti ba, kuma rana tana cin ta.

Na sauka. Gwiwa biyu, hannu biyu, a gefen hanya, a kan jar ƙasa mai zafi kamar kaskon da aka sauke yanzu. Na turo baya sama. Na yi ƙara. Na sauke, na ja numfashi, ƙura ta cika mini hanci. Wani mai moto ya rage gudu ya ce, "Madam, lafiya?" Na sake turo baya sama. Wata mai sayar da mangwaro a tsallake ta ɗauka iska ce ta buge ni, ta fara karanto addu'a da ƙarfi. Mutane sun fara tsayawa. Ni matar aure, uwar huɗu, kai ba mayafi, ina rarrafe a titi cikin azumi. Na rufe ido na ci gaba da ƙirga. Wajen na takwas na ji wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Mama, miyau." Na buɗe ido. Nafisa ce, kwana shida ba ta ce komai ba sai kuka, tana kallona da bandeji har wuya, bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi dariya.

A na goma sha biyar bayan ya ɗan saki. Ina ƙoƙarin miƙewa sai na ji an kama ni ta hammata. Rabi ce, ta fito daga kasuwa da kwandon kayan miya. Ta ɗora mini kwandon a hannu, ta ɗauki yarinyar, ta juya ta ce wa masu kallo, "Sinima ce? Ku ba mu hanya." Tafin hannuna duka biyu sun yi bororo.

Ban gaya wa kowa ba, amma Rabi ta gaya wa gida duka. Washegari da la'asar na sauke kunu, na ja shi da ƙyar zuwa lungu. Sai na ga Inna ta tashi ta jawo tabarmarta daga ƙarƙashin dalbejiya, ta shimfiɗa a rana, tsakanin murhu da inda yara suke. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora sandarta a cinya.

"Zalika."

"Na'am, Inna."

"Ni ban ce abin nan naku yana da kyau ba. Amma gara ki yi rarrafen a ɗaki da ki yi shi a titi. Shiga."

Na tsaya ina kallonta. Ta kawar da kai wajen bango, ta ce a hankali, "Ranar nan ba tasbihi nake ba. Barci ne ya sace ni. Na ji motsinta, na ɗauka mafarki ne."

Na shiga. Babu buhu, sai na shimfiɗa zanen goyo. Ranar ban tura ƙyauren duka ba.

Daga nan abin ya zama na gida. Rabi ta ce ita ma wuyanta ya ƙage don ɗaukar bido, Awa ta nuna mata nata. Muka raba lokacin kamar yadda muke raba layin pompi. Ni bayan la'asar, Rabi da hantsi in na dawo daga dispanser, Awa in ta dawo daga aiki. Wadda ta shiga, sauran biyu su tsare wuta da yara, Inna kuma ita ce mai sanda. In wata ta daɗe sai Inna ta buga sandar a ƙasa ta ce, "Mage, fito, lokacinki ya cika." Ba kullum yake yiwuwa ba. Wata rana kuran ya cinye lokacin, wata rana baƙi, wata rana zazzaɓin yaro. Yunwa ba ta ragu ba, ciwon ma bai warke ba, ya dai koma abin da ake iya tashi da shi.

Ruwan farko ya sauka rana ta ashirin da shida. Na riga na ɗora kasko a bakin layi, mai ya yi zafi, sai iska ta juyo da sanyi da ƙanshin ƙasa. Ledoji suka tashi sama. Kafin in kwashe kaya an tsuge da shi, manyan ɗigo suna faɗawa cikin mai yana tartsatsi. Ƙullun ranar duk ya lalace. Na shigo gida a jiƙe na tarar da kowace roba, kowace tukunya, har turmi, an jera su a ƙarƙashin indararo. Ɗakinmu yana yoyo ta wuri uku. Yara tsirara suna tsalle a tsakar gida, ƙurajen zafi na shan ruwa, Nafisa kaɗai Inna ta riƙe a bakin ƙofa don kada bandeji ya jiƙe, tana miƙa hannun hagu waje tana tara. Ranar ba mu sayar da ko ƙosai ɗaya ba, da ruwan sama da sauran dabino muka buɗe baki. Na sha har cikina ya yi ƙara.

Salla ta zo babu sabon ɗinki. Lawali ya dawo bayanta da mako biyu, a rame, da aiki a hannu. Ya ɗaga rigar Nafisa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Garin yaya?" Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Kunu ne. Ƙaddara ce. Ka je ka yi wanka." Har Allah ya karɓi ranta bayan shekara uku ba ta ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Yanzu muna gidanmu na kanmu, duk da ƙarami ne. Na bar tuya, ina da tebur na kayan yaji a kasuwa. Awa sun koma Larlé, Rabi kuwa sun koma gida Nijar. Hadiza ta saya mini irin tabarmar robar nan, tana kuma nuna mini wasu mata a waya suna naɗe jiki kamar igiya. Ni dai guda huɗun nan ne har yau. Ina iya yin rabin awa babu mai bugun ƙofa, kuma sau da yawa sai in ga na tashi tun kafin goma ta cika, ina sauraron ko wani zai kira.

Nafisa shekararta goma sha ɗaya. Tabon ya girma tare da ita, ya yi sheƙi, in zafi ya tsananta yakan yi mata ƙaiƙayi. Ta san kunu ne, abin da aka gaya mata ke nan tun tana ƙarama. Ɗazu da rana ta zo ta zauna a gabana ta zame kafaɗar riga, na lakato man kaɗe ina shafa mata. Tana kallon ƙasa ta ce, "Mama, ke a lokacin ina kike?"

Babu wanda ya ƙara yi mini wannan tambayar tun ma'aikaciyar dispanser. Na gaya mata. Ciwon bayan, da bokitin da na kasa kaiwa lungu, da ɗakin. Ban sa sunan Inna a ciki ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Minti goma kawai?"

"Ko goman ba ta cika ba."

Ta riƙa murza bakin zanenta. Can ta ce, ba da fushi ba, kamar mai gyara wa ƙawarta lissafin lakwal, "Ai da kin shiga da ni ɗakin."

Na buɗe baki in ce mata ai don in rabu da ku nake shiga. Ban faɗa ba. Na ce ta ɗaga hannu, na ƙara lakato man, na ci gaba da shafawa.